Zuwa ga masu zuwa teburin Asabar: abin da muka sauya a wasan The Twilight Zone

Assalamu alaikum, abokan cinikinmu masu daraja.

Bayan gaisuwa, muna ba ku haƙuri. Tun kafin azumi muka yi alkawarin buɗe dogon wasan teburi da zai ɗauki salon shirin talabijin ɗin nan The Twilight Zone, wasunku har sun ba da kafin alƙalami, sai kuma kuka ji mu shiru. Ba mantuwa muka yi ba. Mun gwada a tsakaninmu ne abin ya ƙi, muka ga gara mu gyara kafin ku zauna.

Ga waɗanda ba su san shirin ba, Rod Serling ne ya ƙirƙiro shi, tashar CBS ta Amurka ta nuna shi daga 1959 zuwa 1964, kashi 156, kuma 92 daga ciki shi ya rubuta da hannunsa. Kowane kashi labari ne mai zaman kansa da sababbin mutane, akasari bai cika minti talatin ba. Serling kaɗai ke dawowa kullum, ya buɗe da 'yar magana ya rufe da 'yar magana, kamar "ga ta nan ga ta nanku" da "ƙurunƙus". Shi kuwa wasan teburi irin wanda Dungeons & Dragons ya kafa tun 1974, daɗinsa shi ne mutum ya riƙe jarumi guda wata da watanni, yana raino, yana ƙara masa ƙarfi a takarda. To ta yaya za ka yi rainon jarumin da labari ya gama da shi cikin minti ashirin da biyar?

Mun fara gwaji da kashin "Time Enough at Last". Henry Bemis ma'aikacin banki ne mai jarabar karatu. Yana cikin ma'ajiyar kuɗi yana karatu bam ɗin nukiliya ya share garin, ya fito shi kaɗai, ya samu littattafan laburare tuli, ya zauna zai fara ke nan tabaraunsa ya faɗi ya fashe. Duk nauyin labarin yana kan fashewar nan. Mai jan wasan namu, wato wanda ke ba da labarin yana yanke hukunci a teburi, ya shirya ta tsaf. Ba a yi minti goma da zama ba wanda ke riƙe da Bemis ya ce, "Ni dai kafin in fita gida zan sa tabarau na biyu a aljihu." Mai jan wasa ya dafe kai. In ya hana, ya yi maguɗi. In ya yarda, labari ya mutu. Sauran mutum huɗu kuwa gyaɗa kawai suke ɓarewa, tunda bam ya riga ya kashe duk wanda za su taka. Ranar muka gane cewa ƙarshen da aka rubuta tun kafin a zauna ba ya jure wa 'yan wasa masu wayo, ku kuma mun san ku.

Abin da ya cece mu shi ne kashin "The Monsters Are Due on Maple Street" na 1960: an ɗauke wuta a wata unguwa, motoci sun ƙi tashi, maƙwabta suka shiga zargin juna cewa wani cikinsu baƙo ne daga wata duniya. (Mun sani, a nan in an ɗauke wuta ba wanda ke ɗaga kai ma. Sai da muka ce har waya da janareto sun mutu kafin mutane suka tsorata.) Muka ba kowa kati mai ɗauke da sirrin da ba ya so a sani, muka bar su. Ba mu tanadi ƙarshe ba, amma kafin magariba sun kori mutumin da bai ci ba bai sha ba, wanda ya jagoranci korar kuma shi ne ya fi kowa abin ɓoyewa. Wannan zaman ya fi kama da shirin fiye da wanda muka kwafa kai tsaye.

Don haka ga yadda za a yi. Gari ne zai ɗore, ba jarumi ba. Akwai taswirarsa a bangon shago, kuma duk abin da kuka aikata zai zauna a kai: gidan da ya ƙone a makon farko kango ne a mako na biyar. Kowace Asabar za a raba sababbin takardun 'yan wasa, kowa da burinsa guda da abin da zai iya sadaukarwa don ya samu. Daga nan juyin labarin zai fito, da taimakon dayis biyu irin na ludo. Wanda jaruminsa ya fi shan wuya a wannan mako shi zai tsaya a matsayin Serling mako mai zuwa, ya buɗe ya rufe. Wanda ya yi fashin mako bai rasa komai ba, sai dai ya tarar garin ya ɗan sauya.

Ba mu da izinin masu haƙƙin shirin, saboda haka ba za mu buga littafi ko kati da sunansa mu sayar ba. Labaran da za mu yi namu ne. Kuɗinku na kujera ne da shayi.

Wanda ya biya don yana son jarumi guda na dindindin, kuma wannan tsari bai kwanta masa ba, ya zo ya karɓi kuɗinsa cif, ba tambaya. Masu neman Black Mirror, wani shirin talabijin mai irin wannan salo, ku ƙara mana haƙuri, wasu labaransa sun yi wa teburin da yara ke zama nauyi.

Za mu fara Asabar mai zuwa bayan la'asar, mutum shida a teburi, a tashi a yi magariba a dawo. Ku zo da fensir, namu duk sun bi aljihun mutane.

Mun gode,
Masu shago