Wasiƙa zuwa ga mutumina mai shirin gudu cikin sanyi

Assalamu alaikum mutumina,

Ya kake, ya iyali, ya kuma fama da sanyin can? Na ga saƙonka, wai ka yi rajistar gudun fanfalaki kuma atisayen zai faɗo a tsakiyar hunturu, har ka sayo wata jibgegiyar jaket mai kauri da za ka riƙa fita da ita. To dan Allah ajiye ta, ta zuwa wurin aiki ce, ba ta gudu ba.

Abin da zai kayar da kai a hanya jiƙewa ce, sanyin kansa da sauƙi. Ka ga in mutum na gudu, wajen kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da tsoka ke ƙonawa zafi yake komawa, shi ya sa kafin ka yi nisa gumi ya keto maka ko da ƙanƙara na zuba, in kuwa kayan suka sha gumin suka lafe a jiki shi ke nan, domin ruwa na janye ɗumin jiki fiye da iska kusan ninki 25. Saboda haka ka sa kaya kamar garin ya fi yadda yake ɗumi da digiri 10 a ma'aunin Selshiyas. In ka fito ƙofa ka ji ɗan ɗari na ratsa ka, ka yi daidai. In ka ji ɗumi lakadan tun a tsaye, koma ka rage.

Auduga kam ka rabu da ita gaba ɗaya, singileti, safa, har gajeren wandon ciki, don tana shan gumi ta riƙe kamar tsumma. Rigar jikin fata ta zama ta poliyesta ko ulun merino, wato gashin wata irin tunkiya mai laushi, mai ɗan kama jiki. Sai wata mai ɗan kauri a kai in sanyin ya yi tsanani, sannan siririyar jaket mai tare iska, mai zif. Zif ɗin nan kar ka raina shi wallahi, da ka ji ka fara ɗaukar zafi sai ka ja shi ƙasa zuwa ƙirji tururi ya fita, in iska ta taso ka mayar. Ƙafafu ba su cika damuwa ba, dogon wando mai kama jiki ya ishe su.

Inda sanyi ke cizo shi ne yatsu da kunne da hanci, saboda jiki na janye jini daga can ya kai ciki. Safar hannu wadda yatsu huɗu ke zama wuri guda ta fi mai rabe-rabe ɗumi. Ka sa hula mai rufe kunne, ka shafa basilin a kumatu da leɓe, ka kuma ja ƙyalle a baki don busasshiyar iskar nan na sa tari da ƙuncin ƙirji. In fatar wani wuri ta yi fari ko toka-toka kuma ba ka jin ta, kar ka murza, shiga ciki ka sa a ruwa mai ɗumi-ɗumi.

Ka duba inda iska ke kaɗawa kafin ka fita. Ka tafi kana fuskantar ta tun jikinka a bushe, ka dawo tana bayanka.

Tunda kai ma kilomita 42 ɗin ce a gabanka, ka tuna gasar gudun fanfalaki ta birnin Boston na Amurka ta 2018, ruwa kamar da bakin ƙwarya ga iska ga sanyi, manyan 'yan gudu da dama suka janye a hanya, Desiree Linden ta Amurka kuwa da jaket ɗinta a jiki ta ci ta mata, Yuki Kawauchi na Japan ya ci ta maza. Ranar sanyin bai ma kai na daskarewar ruwa ba fa, jiƙewa da iska ne suka yi aikin. Ɗumin jiki in ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari, za ka ga mutum na karkarwa, magana na sarƙewa, yana tuntuɓe, zif ma ya kasa ja. In ka ga haka a jikinka gudun ranar ya ƙare, nemi wuri mai ɗumi.

Ka ɗumama jiki a ɗaka kafin ka fita, ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi don sanyi na ɓoye shi, in hanya da santsin ƙanƙara ka gajarta taku. Gari na saurin duhu, sa kaya masu ƙyalli masu mota su gan ka, waya kuma a aljihun ciki, batir ba ya shiri da sanyi. Da ka tsaya kar ka tsaya hira, tuɓe jiƙaƙƙun kayan nan take ka sa busassu.

Ka turo min ranar gasar da hoton takalmin da ka saya in ga ƙasansa. A gaida madam da yara.

Naka,
abokinka na kullum