Haramta wuƙa bai isa ba, a sa ido wajen saye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina so in yi tsokaci kan haramcin takubban ninja (wasu dogayen takubba masu miƙaƙƙen kaifi) da ya fara aiki a Ingila da Wales ranar 1 ga Agusta, 2025.

Wuƙar nan mai maɓalli, wadda da an danna sai kaifinta ya fito fit, an hana sayar da ita a Birtaniya tun 1959, dokar 2019 kuma ta hana ko ajiye ta a gida. Duk da haka ana ta zubar da jinin matasa, domin ɓarakar tana wajen saye. Ronan Kanda, ɗan shekara 16, an kashe shi a birnin Wolverhampton na Ingila a 2022 da takobin ninja da wani yaro sa'ansa ya saya ta intanet da katin shaidar mahaifiyarsa, ya je gidan waya ya karɓa ba wanda ya tambaye shi shekarunsa. Abin takaici ne matuƙa.

Shawarata ita ce majalisa ta tilasta duba katin shaida mai hoto lokacin saye, a sake dubawa lokacin miƙa kaya hannu da hannu. Kamfanin da ya yi sakaci kuwa, shugabanninsa da kansu su gurfana a kotu.

Na gode.
Mai karatunku