Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban FIA: A Tuna Da Elio de Angelis

Zuwa ga Mai Girma Mohammed Ben Sulayem, Shugaban hukumar tseren motoci ta duniya, FIA.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, maganarmu a kan ranakun gwajin mota ce, ranakun da babu 'yan kallo, babu talabijin.

Elio de Angelis direban tsere ne ɗan birnin Rum, an haife shi a 1958. Ya shiga Formula 1, babban rukunin tseren motoci, da ƙungiyar Shadow a 1979, ya yi shekara shida a ƙungiyar Lotus. Ya ci tseren Ostiriya a 1982, inda ya riga Keke Rosberg da kashi 5 cikin 100 na daƙiƙa, ya ci na San Marino a 1985, ya zo na uku a gasar 1984. Gwanin kiɗan fiyano ne kuma, shi ya riƙa ɗebe wa direbobi kewa lokacin yajin aikinsu a Afirka ta Kudu a 1982.

A 1986 ya koma ƙungiyar Brabham, ya hau BT55, motar da injiniya Gordon Murray ya kwantar da injinta na BMW a gefe don ta yi ƙasa sosai. Ranar 14 ga Mayu, yana gwaji a filin Paul Ricard na Faransa, fiffiken baya ya ɓalle a kwanar Verrerie. Wannan fiffike shi ke sa iska ta danna tayoyin baya ga kwalta. Idan ya fita ana tsakar gudu, baya ya saki nan take, sitiyari da birki ba su da abin yi. Motar ta wuntsila, ta tsallake shinge, ta kife, wuta ta kama.

Abin takaicin yana nan, ranka ya daɗe. Karon bai kashe shi ba. Ƙashin wuya na kafaɗa ne ya karye, sai ɗan ƙuna a baya. Amma motar na kife a kansa, masu aikin ceto 'yan kaɗan, ba su da kayan da wuta ba ta ci. Direbobi irin su Alan Jones da Alain Prost suka tsaya, zafi ya hana su juya motar. Jirgi mai saukar ungulu bai iso ba sai bayan kimanin rabin awa. Washegari ya cika a asibitin Marseille saboda hayaƙin da ya shaƙa, yana da shekara 28.

Kwatanta da haɗarin direba Romain Grosjean a Bahrain a 2020: motarsa ta rabe biyu cikin wuta, ya fito cikin kimanin daƙiƙa 28, likita na tsaye a bakin shinge, ana feshin kashe wuta. Ranar tsere ce, kowa na bakin aikinsa.

Roƙonmu shi ne kada mota ta taka kwalta a kowane gwaji, har na ƙananan rukunai irin su Formula 4 inda ƙungiya ke hayar fili da kuɗinta, sai an cika sharuɗɗa. A kowace kwanar gudu a ajiye aƙalla mutum biyu sanye da cikakkun kayan wuta, har safar hannu, da tukwanen kashe gobara da aka duba ranar. Mutum da gajeren wando ba zai kusanci man da ke ci ba, komai jarumtarsa. A samu motar ceto da injinta a kunne, da tawagar da ta saba ɗaga mota kifaffiya. Dokar da ta ce direba ya fice cikin daƙiƙa 7 ana gwada ta ne mota na kan ƙafafunta, wanda aka kife ba ta yi masa rana. Ƙwaƙwalwa kuwa takan fara lalacewa bayan kamar minti huɗu babu iska, don haka likita mai iya zura bututun numfashi ya kasance a filin, ba a waya ba. Inda asibiti ke da nisa, jirgin ya sauka kafin a tada inji. Filin da ya saɓa, a janye lasisinsa.

Huta lafiya.

Daga wasu kanikawa da masu aikin ceto a filayen tsere.