Godiya ga Baba mai warshar katako a kudancin Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, ranka ya daɗe. Ka ce kada in saka sunanka ko na warsharka a ko'ina, kuma na bi maganarka. Sai dai godiyar da na yi maka a bakin ƙofa ranar da muka ɗaure katako a saman mota ba ta ishe ni ba, shi ya sa na kawo ta fili, inda 'yan'uwa Hausawan Jidda da Makka za su gani. Duk wanda ya taɓa kai maka gyaran ƙofa ko taga ya riga ya gane wa nake nufi.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, kusan shekara biyu ke nan ina ɗauke da burin haɗa kayak da hannuna. Kwalekwale ne siriri na mutum ɗaya, asalinsa na mutanen ƙasashen ƙanƙara, Inuwit na Girinlan da arewacin Kanada, da mutanen tsibiran Aleyut na Alaska. Ƙasarsu ba bishiya, sai itacen da teku ya turo gaɓa, don haka ba su da gungumen da za su fafe kamar yadda ake yi a Yawuri. Sai suka haɗa ƙwarangwal na siraran itace, suka ɗaɗɗaure shi da jijiya, suka lulluɓe da fatar wata dabbar teku mai ɗan kama da ayu. A yau yadin nailan ko foliyesta ake ɗinkawa a kai, a shafe shi da abin da ke hana ruwa shiga. Ba ƙusa ko ɗaya. In an gama, wajen kilo 15 ne, mutum ya saɓa a kafaɗa ya nufi bakin ruwa.

Kafin in zo wajenka na shiga shaguna huɗu. Wani ya ce ba ya kwance ƙunshin katako saboda falanki biyu. Wani ko hoton jirgin da ke wayata bai gama dubawa ba ya nuna min wani katako mai suna meranti, ya ce shi ne na ruwa. Da wannan gajiyar na shigo warsharka bayan la'asar. Ka karɓi wayar, ka sa tabarau, ka daɗe kana jan hoton da yatsa, sannan ka sa aka kawo shayi. Ka ce min ba ka taɓa ganin irin wannan jirgin ba, amma ka yi gyaran huri, ƙaramin kwalekwalen masunta, ka kuma yi aikin rawashin, tagogin katakon nan na Balad, tsohon garin Jidda, saboda haka in faɗa maka abin da na karanta, kai kuma ka faɗa min abin da itace zai yarda da shi.

Zane biyu na zo da su. Ɗaya na Girinlan ne, tsawo mita 5.5, faɗi santimita 51. Ɗayan shi ne baidarka na Aleyut, mai baki tsagagge biyu kamar na kifi. Baidarka ba ka ɓata lokaci a kansa ba: ka ƙirga sandunan da ke bin cikinsa, ka dubi sassaƙar bakin, ka ce wannan na biyu ne ko na uku, ba na fari ba. A kan na Girinlan muka zauna. Da na ce maka masu shi ba da tef suke awo ba, da jikin mai jirgin suke yi, tsawo gaba uku, faɗi ƙugunsa da dunƙulen hannu biyu, sai fuskarka ta washe. Ka ce, “Ai wannan awon iyayenmu ne, gaba da kamu da taƙi.” Ka ɗauko igiya ka auna ni a tsaye a tsakiyar warsha. Gabata uku ta ba da mita 5.3.

Daga nan ka yi min tambayoyin da ban yi wa kaina ba. A ina zan haɗa shi? A saman bene. Nawa ne tsawon filin? Ban auna ba. Ta ina zai sauko? Na taɓa kifewa a ruwa na miƙe da jirgi? Ban taɓa ba. Mafarautan da suka fito da wannan sirantar tun suna yara suke koyon juyawa ƙarƙashin ruwa su taso, ni kuwa na haura arba'in, kuma Abhur, bakin tekun da ke arewacin Jidda, zan kai shi ranar Juma'a da safe kafin iskar arewa ta taso. Ka hana ni sayen komai a ranar. Ka ce in je in auna bene in dawo. Da na dawo da awon, muka tsaya a mita 4.7, ka kuma ce in ƙara dunƙule ɗaya a faɗi, ya zama santimita 60. A lokacin raina ya ɗan sosu, don siririn nan ne ya fara shiga zuciyata. Yanzu da ƙwarangwal ɗin ya cika filin benen daga bango zuwa tankin ruwa, na ga abin da ka hango.

Ka kuma gaya min gaskiya game da ɗaya hanyar, wato a yanka zobba daga ablakash na ruwa (filawud), a jera dogayen sanduna a kansu, ba lanƙwasa ba turarawa. Ka ce ita ce mai sauƙi, kuma kana da ablakash ɗin a ajiye. Duk mai karatu da ba shi da wanda zai tsaya masa, shawarata ya bi waccan. Ni na zaɓi haƙarƙari lanƙwasassu ne, wato siraran itacen da ake turarawa a lanƙwasa su fitar da cikin jirgin, saboda ka ce za ka nuna min.

Zaɓen katakon shi ne abin da ba zan manta ba. A irin wannan jirgin ƙarfin ba a gindi yake ba, a leɓɓa biyun nan na gefe yake, kuma dole su kasance marasa nauyi, jijiyarsu a miƙe, ba ido. Masu yinsa a Amurka katakon da ake kira jan sida suke so saboda rashin nauyinsa. Ka ce ba ka da shi, kuma ba za ka kira wani abu da sunansa don ka sayar min ba. Ka kawar da tik da meranti saboda nauyi, alhali su ne masu tsada a wajenka. Ya rage farin katako da wanda ake kira suwaidi. Farin ya fi sauƙin ɗauka, amma wanda ke ƙasa a ranar duk ƙananan idanu ne. Sai ka sa yaranka biyu suka sauke tarin suwaidi gaba ɗaya, a zafin nan na Jidda, kana ɗaga kowane falanki kana leƙa shi ta baki kamar mai duba bindiga. Cikin fiye da talatin, uku ka ware. Ka nuna min inda jijiya ta gudu ta fita ta gefe a wani da ni na ga kamar ba shi da aibu, ka ce a nan zai karye ranar da igiyar ruwa ta ɗaga shi.

Leɓɓan biyu daga falanki ɗaya ka sa aka tsaga su, ka yi musu alama da fensir don su fuskanci juna. Ka ce 'yan uwa ɗaya tare suke lanƙwasa, in ba haka ba jirgin zai riƙa ja gefe guda har ƙarshen rayuwarsa. Inda ido ɗaya ya tsaya a hanya, aka yanke shi, aka fiƙe bakunan kamar alƙalamin allo, tsawon fiƙar ninki 10 na kaurin katakon, aka haɗe da gam ɗin ifoksi. Yau sai na shafa da yatsa nake gane wurin.

Na haƙarƙari kuwa, katako iri biyu ne a gabanmu, ɗaya sunansa zan, ɗaya sindiyan. Ka ce katakon zan yana lanƙwasa da daɗi, shi ya sa ake kujeru da shi, amma ruwa na cin sa. Sindiyan iri biyu ne, ja da fari, kuma a idona duk ɗaya suke. Ka yanko ɗan guntu daga kowanne, ka tsoma baki ɗaya a kofin ruwa, ka ce in hura ta ɗayan. Jan nan take ya fitar da kumfa, kamar na hura ta tsinken shan lemo. Farin ko motsi ruwan bai yi ba, domin ƙofofin jijiyarsa a toshe suke. Ban taɓa fahimtar wani darasi da sauri irin wannan ba.

Matsalar da ta rage ita ce katakon da muka samu busasshe ne na tanda, alhali ɗanye ya fi yarda da lanƙwasa. Ka sa aka tsaga shi siri-siri, kauri milimita 6, ka ce in jiƙa shi mako guda a cikin bututun roba. Ran turarawa ka haɗa tukunya da akwatin katako da tiyo, ka ce min madambaci ne kawai, sai dai dambun dogo ne. Kowane ɗaya minti goma da wani abu a tururi, a fito da shi da safar hannu, a lanƙwasa kafin ya huce. Tun farko ka ce in ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan abin da nake buƙata. Na karya bakwai. Ba ka karɓi ko riyal ɗaya na yinin nan ba, kuma yaron da ke kan injin tsaga ya tsaya har bayan isha'i bai nuna gajiya ba. Shi ma ina gode masa ƙwarai, Allah ya yi masa albarka.

Muna wanke hannu ka ba ni labarin mahaifinka, Allah ya jiƙansa, yadda ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya ratsa Chadi da Sudan, ya hau sambuk, jirgin ruwan katako, daga Suwakin ya ƙetaro wannan tekun. Ka ce Bahar Maliya ba ta wasa, in ɗaura ƙarin kariya a ƙasan jirgin saboda kaifin duwatsun murjani na cikin teku, in wanke gishiri duk dawowa, kada in shiga ba rigar ceto, kuma in fara zuwa wajen Haras al-Hudud, masu tsaron iyaka da gaɓar teku, in ji ƙa'idarsu. Duk na rubuta. Yadin ma foliyesta na saya, don ya fi nailan jure rana, kuma ba ya saki in ya jiƙe.

Ɗinki ne ya rage, Baba. In sha Allahu bayan Sallah zan zo da mota in ɗauke ka mu je Abhur, kai za ka riƙe igiyar in na shiga.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a warsha da iyali, ya jiƙan magabata.

Ɗanka mai jirgin yadi,
Jidda.