Kwafi 300 kacal, mu kuma sai kallo?

Assalamu alaikum Malam Edita. Dan Allah a ɗan bani fili a jaridarmu mai farin jini in amayar da abinda ke cina, duk da nasan wasu zasu ce ina ruwan Bahaushe da kiɗan Turawa da ake kira darkwave. Nima zaman karatu a Leipzig ta Jamus ne ya jawo min, garin da tun 1992 ake bikin masoya irin wannan kiɗa mai suna Wave-Gotik-Treffen, lokacin bikin ka fito siyan burodi kaga titi cike da mutane cikin baƙaƙen kaya kamar masu zaman makoki alhali shagali suke. Kiɗan nasu sanyi gareshi, ganga ta inji da murya can ƙasa-ƙasa, tun ina dariya har ya kama ni.

Abinda ke ƙona min rai shine wannan ɗabi'a ta ɗan rakiya. Mawaƙi zai saki babban faifai kowa ya samu, sai a biyo shi da ƙaramin faifai ko kaset mai waƙoƙin gwaji da waɗanda aka sake wa kiɗa, a buga kaɗan, a rubuta lamba da biro a bayan kowanne, shikenan an rufe. Watan jiya wani ƙaramin kamfani ya saki irinsa guda 300 a Bandcamp, shafin intanet da mawaƙa ke saida waƙoƙinsu, na saita ƙararrawa a waya, ina cikin aji ina ɓoye wayar ƙarƙashin tebur, kafin in gama shigar da lambar katin banki wlh ya ƙare. Bayan kwana biyu sai gashi a Discogs, shafin da mutane ke siya da saida faifai, kuɗin ya ninka uku, ko ledar ba'a yage ba, kaga wanda ya siya ko saurara bai yi ba, ɗan kasuwa ne kawai.

Ba wai ban fahimci uzurinsu ba, abinda Spotify ke biyan ƙananan mawaƙa ko kuɗin haya bai kai ba. Tsohuwar ƙungiyar mawaƙan darkwave ta Clan of Xymox ma faifansu na farko guda 500 suka buga, amma a ganina su lokacin aljihu ne ya tsaya nan, yanzu kuwa da gangan ake ƙirƙirar ƙarancin.

Roƙona ɗaya ne, masu tara faifai su riƙe kayansu da lambarsu, amma bayan shekara a ɗora waƙoƙin a intanet mu siya. Ni dai ƙarshe wani abokina Bajamushe ne ya ara min kaset ɗinsa, sai da nayi kwana huɗu ina neman rediyo mai kaset, irin wadda muka jefar a gida tuntuni.

Naku mai karatu kullum,
daga Leipzig, Jamus