Wasiƙa daga Jidda: kayan da suka maƙale a teku

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, da fatan kuna nan lafiya. Yaya ƙafar Inna, ta yi sauƙi? Ni lafiya lau, sai zafin Jidda da guminta da ba ya bushewa a jiki.

Baba, ku yi haƙuri da jinkirin saƙon wannan watan. Kayan maigidanmu ne suka maƙale a teku, kwantena biyu na tayil daga Sin, shi kuwa hannunsa ba ya sakewa sai kaya sun sauka. A kan kayan nan ne ma na sha kunya.

Ya ce in rubuta wa wakilin jirgin, wani Ba'indiye, in tambaya ko ta Babul Mandab, mashigin kudancin Bahar Maliya, za su biyo. Ni da nake taƙama da Turancin sakandare, na zauna na rubuta masa straight, wato miƙaƙƙe. Mutumin ya amso da zolaya, wai hanyar nan ko kusa ba miƙaƙƙiya ba ce, sannan ya gyara mini: strait. A baki furucinsu ɗaya, kunne ba ya rabewa, sai a rubuce ake cire g da h. Ma'anarsa siririn ruwa tsakanin ƙasa biyu da ya haɗa teku da teku, abin da kuke ji a rediyo ana ce wa mashigi. Wanda mutum ya haƙa da hannunsa kuwa, irin na Suwez da aka buɗe a 1869, canal suke cewa. Ban taɓa raba su ba sai ranar.

Har jerin sunan ma da ƙa'idarsa. Na Hormuz, tsakanin Iran da Oman, the Strait of Hormuz ake rubutawa. Namu na Babul Mandab kuma sunan ne ke gaba, the Bab el-Mandeb Strait, sau da yawa ma a yar da strait ɗin. Ni dai ina ganin hakan ya fi, tunda bab ɗin da ma ƙofa ce da Larabci, me za a ƙara mata? Ƙofar Hawaye ake fassara shi.

Wani Basudane da muke aiki tare ya ce da Larabci madiƙ ne, daga kalmar ƙunci. Ashe Turawa ma haka: in mutum ya shiga matsi sosai sai su ce yana in dire straits. Na ce masa to ni ma watan nan a cikin mashigin nake.

Da na duba taswira abin ya ba ni mamaki. Yaman a gefe guda, Jibuti da Eritriya a ɗaya gefen, faɗin wajen kilomita 30 ne ko kusa da haka, bai kai daga Kano zuwa Wudil ba. Ga kuma tsibirin Mayyun a ciki ya raba shi biyu. Duk jirgin da zai shigo Bahar Maliya daga kudu, nan ce ƙofarsa. Tun ƙarshen 2023 da 'yan tawayen Husi na Yaman suka fara harbin jirage, kamfanoni da yawa suka ƙaurace wa wajen. Jirginmu sai da ya zagaye Afirka ta can ƙasa, ya hauro ta yammacinta, ya shiga ta Jibralta, wani mashigin ke nan, yanzu zai gangaro mana ta Suwez. Kun ga tayil ɗin nan ya fi ni kusantar gida bana.

Na tuna labarin da kuke ba mu na Kaka, yadda ya tako har Sawakin, a gaɓar tekun Sudan, ya hau kwalekwale zuwa Jidda. Shi bai bi ta Babul Mandab ba, tana can kudu da nisa, amma ruwan ɗaya ne, shi nake kallo kullum in na fito aiki.

An ce jirgin zai iso cikin mako biyu, in sha Allahu. Da an sallame mu zan turo, har da kuɗin jarrabawar Hadiza. A ce mata ta rubuta kalmomin nan biyu a bayan littafinta. A gaishe da Inna, da Yaya Auwalu da iyalinsa, da Malam na ƙofar gida. Ku sa ni a addu'a.

Ɗanku,
Sani