Wasiƙa daga Makka

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Mu nan Makka alhamdulillahi, sai zafi, ga 'yan Umra sun cika Harami.

Ka tambaye ni yadda Wikipedia ba ta wargajewa alhali kowa na iya shiga ya taɓa rubutu. To, bayan editoci akwai bot. Ƙaramar manhaja ce da ake buɗe wa asusu, ta yi ta gyara dare da rana. A Wikipedia ta Turanci akwai ClueBot NG, tun 2010 take gadi. Wani ya goge muƙala ya zuba ashar, kafin ka kai kofin shayi baki ta maido da rubutun yadda yake. Daga gyare-gyaren da mutane suka riga suka tantance ta koyi gane ɓarna, kuma ba a sakin irinta sai an gwada ta editoci sun amince.

Wadda ta fi burge ni ita ce InternetArchiveBot. Ka san jarida kan rufe shafinta, madogarar da aka jingina magana da ita ta ɓace. Ita sai ta bi mahaɗan da suka mutu, ta nemo kwafinsu a Wayback Machine, rumbun da ke ajiye tsoffin shafukan intanet, ta liƙa. Miliyoyi ta ceto a haka. Wane edita ne zai iya wannan wahala?

Inda na tsaya shi ne bot mai rubuta muƙala. Wani ɗan Suwidin, Sverker Johansson, ya ƙera Lsjbot, ta zuba miliyoyin muƙaloli a harshen Cebuano na Filifin, kan ƙwari da tsirrai da koguna. Na buɗe wata: sunan tsauni, ƙasarsa, tsayinsa, shi ke nan. Wasu abokanmu a nan na sha'awar a yi wa Hausa haka don adadi ya haura. Wallahi ban goyi baya ba. Bot za ta kawo maka inda garin Mai Wurno na Sudan yake a gaɓar Shuɗin Nilu, amma hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903, da yadda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya zauna a can, sai mutum ya karanta ya rubuta.

Don haka ina roƙonka, in ka shiga ɗakin karatu a Kano ka samu littafi kan Hausawan Sudan ko na Hijaz, ɗauko min hoton shafukan da bangon, don in sa madogara. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
amininka a Makka